ƘARFI BA A GWANGWANI YA KE BA

Jama'a, wannan magana ta shafi kowane gida mai saurayi. Kun sani, in an gama aikin kaka samari da yawa su kan tafi birni cin rani, waɗansu kuma karatu ne ya kan kai su. A 'yan shekarun nan waɗansunsu su kan komo gida da wani baƙon kaya a cikin jaka, watau gwangwanin hoda ko robar kafso, an manna mata hoton wani ƙato mai faffaɗan ƙirji da damatsa kamar turmi. In maigida ya tambaya, sai yaro ya ce, "Baba, ai ba magani ba ne, abincin gina jiki ne. Da ganye a ka yi shi, ba ya yi wa mutum kome." Shi yaron ba ƙarya ya ke yi ba. Abin da ya gani a wayarsa, ko ya ji a wurin ɗaga ƙarfe, ko a bakin mai kanti, shi ya ke maimaitawa.

Masu tallar kayan nan alkawari ɗaya su ke yi. Wai kayansu yana aiki kamar sitiroyid, amma ba shi da illar sitiroyid. To, a kan wannan alkawari za mu yi magana, don kowa ya san abin da ya ke saye da kuɗin guminsa.

MENE NE SITIROYID?

A jikin namiji akwai wani sinadari da 'ya'yan maraina su ke yi, likitoci suna kiransa testosteron. Shi ne ya ke sa muryar yaro ta yi kauri in ya balaga, gemu ya tsiro, ƙirji ya buɗe, tsoka ta ƙaru. A shekarar 1935 masana a Turai su ka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. Daga nan a ka yi ta haɗa magunguna masu kama da shi, na allura da na haɗiya. Su ne a ke kira sitiroyid na gina tsoka. Wani daga cikinsu mai suna Dianabol ya shiga kasuwar Amurka a 1958, nan da nan masu ɗaga ƙarfe su ka rungume shi.

Ba za mu ɓoye muku ba, sitiroyid yana ƙara tsoka da gaske. Likita ma ya kan rubuta shi ga mutumin da jikinsa ya kasa yin nasa sinadarin, amma da awo, da gwajin jini a kai a kai. Wanda ya ke da lafiya kuwa ya sha don neman ƙirji, ga abin da ya kan biyo baya.

In jiki ya ga sinadarin yana shigowa da yawa daga waje, sai ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu a cikin maniyyi, wani lokaci su ɓace ƙaf. Ko bayan an daina sha, a kan yi watanni, wani ma fiye da shekara, kafin jiki ya komo daidai. Ku duba fa: saurayi ya yi aure, an shekara biyu ba a ga ciki ba, dangi su ɗora wa amarya laifi, alhali kuwa dalilin yana cikin robar da ke ƙarƙashin gadon ango. Har wa yau jiki ya kan juya wani kashi na maganin ya koma sinadarin mata, sai namiji ya ga nono yana fito masa. Sau da yawa wannan nono ba ya komawa sai an yi aiki a asibiti.

Irin na haɗiya ya kan ɓata hanta. Dukansu su kan kawo hawan jini, su gurɓata kitsen da ke cikin jini, su gajiyar da zuciya tun mutum yana da ƙuruciya. Akwai kuma ƙuraje a fuska da baya, da sanƙo da wuri, da saurin fushi. Yaron da bai gama girma ba in ya sha, ƙasusuwansa su kan daina tsawo tun lokaci bai yi ba, ya tsaya a nan har ƙarshen ransa. Mace kuwa muryarta ta kan yi kauri, gashi ya fito mata a haɓa, al'adarta ta rikice.

YADDA WANNAN CINIKI YA TASHI

Galibin wannan ciniki a Amurka ya samo tushe. A 1990 majalisar ƙasar ta sa sitiroyid cikin magungunan da doka ta tsare, ba a sayarwa sai da takardar likita. Amma masu son ƙirji ba su ƙare ba. A 1994 kuma a ka yi wata doka a kan abin da su ke kira ƙarin abinci, watau hoda da kafso da ba a lissafa su cikin magunguna. Bisa wannan doka, mai yin ƙarin abinci ba ya bukatar hukuma ta gwada kayansa ta amince kafin ya kai kasuwa. Magani na gaske sai an yi shekaru ana gwada shi kafin a yarda a sayar. Ƙarin abinci kuwa, galibi sai bayan ya shiga hannun mutane, in an ga ɓarna, sa'an nan hukuma ta bi sawu.

Ta wannan ƙofa 'yan kasuwa su ka shigo. Waɗansu su ka riƙa sāke fasalin sitiroyid kaɗan, don sunansa kada ya dace da na cikin doka, su zuba a kafso su ce ƙarin abinci ne. Majalisa ta ƙara wa dokar ƙarfi a 2004, ta sāke ƙara mata a 2014, duk don toshe wannan kafa. A 2009 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, wadda a ke kira FDA, ta gargaɗi jama'a su daina shan kayan gina jiki da a ke talla da cewa suna da sitiroyid ko abin da ya yi kama da shi, sabo da rahotannin da ta samu na mummunan ciwon hanta da na ƙoda da shanyewar jiki.

Yau irin wannan talla tana yawo a intanet, tana shiga wayar kowane saurayi, kayan kuma suna isa kantunan biranenmu. Kada wani ya ce, "Ai daga Amurka ya zo, sun gwada shi." Kun ji dai yadda dokarsu ta ke.

KO WOFI, KO GUBA

Kayan da a ke sayarwa a madadin sitiroyid kashi biyu ne.

Kashi na fari shi ne wanda da gaske ganye ne da saiwa da bitamin. Ku karanta jikin roba, sau da yawa za ku ga an rubuta Tribulus terrestris. Sunan ya yi kama da na wani abu mai daraja, amma kun san ko mene ne? Tsidau ne, wannan ciyawa mai ƙaya da ke sukan ƙafar yara a bayan gari, ta huda tayar keke. Wani kuma hulba a ke sa masa. A 2007 a ka buga sakamakon wani gwaji da a ka yi a Ostareliya da 'yan ƙwallon zari-ruga 22. An ba waɗansu kafson tsidau, an ba sauran kafson da ba kome a ciki, dukansu suna motsa jiki iri ɗaya har mako 5. Da a ka auna, duka ɓangarorin biyu sun ƙara ƙarfi da tsoka, kuma masu shan tsidau ba su fi sauran ba. Watau aikin da su ka yi ne ya gina su. Wanda ya sayi wannan kashi, kuɗinsa ne ya tafi a banza.

Kashi na biyu shi ne wanda a ka rubuta ganye a waje, a ka ɓoye magani mai ƙarfi a ciki. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus, da taimakon Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya, ya sayi ƙarin abinci iri 634 daga ƙasashe 13 a tsakanin 2000 da 2001. Ya sami 94 a cikinsu da sinadaran sitiroyid waɗanda ba a rubuta a jikin roba ba. A Amurka kuma, daga 2007 zuwa 2016, hukumar FDA ta lissafa ƙarin abinci iri 776 da a ka samu da ɓoyayyen magani. Mafi yawansu na ƙarfin maza ne da na rage ƙiba, 92 kuma na gina tsoka.

Daga baya wani sabon iri ya fito da a ke kira SARM, ana tallarsa da cewa shi ne mai aikin sitiroyid ba tare da illa ba. A 2017 FDA ta yi gargaɗi cewa ba ta yarda da shi ba, yana iya ɓata hanta, ya jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. A wannan shekara kuma waɗansu masana su ka buga abin da su ka gani bayan sun sayi iri 44 ta intanet sun gwada. Iri 23 kaɗai ne ke da SARM ɗin. Iri 17 wani magani dabam ne a ciki wanda shi ma hukuma ba ta yarda da shi ba. Iri 4 ba kome a ciki. A cikin 44 ɗin nan, 18 ne kawai awon da ke ciki ya dace da abin da a ka rubuta a waje.

To, kun ga inda maganar ta tsaya. In kafso bai yi aiki ba, an ci kuɗin yaro. In kuwa ya yi aiki nan da nan, ƙirji ya kumbura cikin 'yan makonni, akwai alamar an ɓoye magani a ciki, yaro kuma yana shan abin da bai san sunansa ba, bai san awonsa ba. Abin da ya ke da ƙarfin sitiroyid, lalle yana tafe da haɗarin sitiroyid.

DABARUN MASU TALLA

Yana da kyau maigida da uwargida su san dabarun nan, don su iya nuna wa 'ya'yansu.

Ta fari ita ce ta suna. Su kan ɗauki sunan sitiroyid na gaske, su sāke harafi ɗaya ko biyu, su sa wa kafson ganye, don mai saye ya zaci ɗan'uwansa ne.

Ta biyu ita ce ta hoto. Za a nuna mutum a ramamme yana ɓata fuska, a nuna shi kuma a murɗe yana murmushi. Ba za a gaya muku shekara nawa ya yi yana ɗaga ƙarfe ba, ko me ya ke ci, ko wace allura ya ke yi a ɓoye. Da fitila da mai da tsayuwa mai kyau a kan sāke kamannin mutum a yini ɗaya, balle yanzu da kwamfuta ke gyara hoto yadda a ke so.

Ta uku ita ce ta shaida. Mutumin da ke yabon kayan a waya sau da yawa biyansa a ke yi, ko kuma yana da kamasho a kan kowace roba da a ka saya ta hannunsa.

Ta huɗu ita ce cewa, "Na itace ne, ba ya illa." Ku manoma ne, kun san gautan kura ma tsiro ne, zaƙami ma tsiro ne, amma ba mai ba ɗansa. Kuma kun riga kun ji ba kullum abin da ke rubuce a waje ya ke zama na ciki ba.

Ta biyar ita ce ɓoye awo. Za a jera sunayen ganyaye goma, a ce haɗi ne na musamman, ba a faɗi nawa a ka zuba na kowane ɗaya ba. A kayan Amurka kuma, can ƙasa da ƙananan haruffa, a kan rubuta cewa hukuma ba ta duba alkawuran da a ka yi ba. Mai talla ba zai karanta muku wannan layi ba.

Ta shida ita ce gaggawa: wai saura kaɗan ya ƙare, wai sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

SHA-KA-FASHE

Akwai ɗan'uwan wannan ciniki da ya fi kusa da mu, watau ƙwayoyin ƙiba da a ke yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da samari su kan saya a kemis ko a tiren mai talla. Sau da yawa deksametazon ne, ko maganin da ke buɗe ciki ya sa barci. Deksametazon shi ma sitiroyid a ke ce masa, amma wani iri ne dabam, na kwantar da kumburi, kuma magani ne mai amfani a hannun likita. Ba ya gina tsoka, cinye ta ma ya ke yi. Abin da a ke gani kamar ƙiba, ruwa ne da kitse su ka taru a fuska da ciki da ƙeya, hannu da ƙafa kuwa su sirance. In an daɗe ana sha ya kan kawo ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi, ya kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ku lura da wannan ƙwarai: wanda ya yi makonni yana shansa kada ya daina farat ɗaya, don yin haka yana iya kai shi ga halaka. Ya je asibiti a rage masa sannu sannu.

INA ƘARFI YA KE?

Tsoka abu uku ta ke bukata: aiki mai nauyi a kai a kai, da abinci, da barci. Ku dubi maƙeran garinku, da masu haƙar rijiya, da 'yan kokawa da 'yan damben da kakanninku su ke ba da labari. Ba wanda ya san kafso a cikinsu.

Abin da ke gina tsoka a cikin abinci shi ne furotin. Masana sun auna cewa mai ɗaga ƙarfe ba ya ƙaruwa da wani abin kirki in ya wuce wajen giram 1.6 a yini ga kowane kilo na nauyinsa. Saurayi mai kilo 60, wajen giram 100 ya ishe shi. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Busasshen wake giram 100, watau abin da bai ma cika gwangwanin madara ba, yana da wajen 23. Gyaɗa tana da wajen 25, waken suya wajen 36. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga ƙosai da alala, ga nono, ga kifi, ga fara. Gero ko dawa ko shinkafa in an haɗa da wake, suna cika wa juna abin da ɗaya ya rasa. Kuɗin roba ɗaya ta kafso zai sayi kwanon wake da yawa, kuma duk gida za a ci.

Don kada mu rage gaskiya, akwai hodar da ke da ɗan amfani. Hodar furotin ta gaske daga ruwan da ke tsatsowa wajen yin cuku a ke yinta, abinci ce kamar nono, ba ta fi ƙwai da wake ba sai tsada. Akwai kuma kiriyatin, wanda gwaji ya nuna yana ɗan ƙara ƙarfi ga mai motsa jiki. Amma ko ɗaya a cikinsu bai kusa da sitiroyid ba, mai gaskiya kuma ba zai ce haka ba. Tsoka a hankali ta ke ƙaruwa, wata da watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

In kuwa mutum yana cin abinci amma yana ramewa, wannan ba aikin kafso ba ne. Yana iya zama tsutsar ciki, ko tarin fuka, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau. A kai shi asibiti a duba, don duk waɗannan akwai maganin da a ke ba masu su.

ABIN DA ZA KU YI

In kun ga irin wannan roba a ɗakin ɗanku, kada ku fara da faɗa. In kun tsananta, ɓoyewa zai yi ya ci gaba da sha. Ku zauna da shi, ku tambaye shi wa ya ba shi, tun yaushe ya ke sha, sau nawa a yini. Ku ɗauki robar ku kai wa ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa da ku ya duba.

A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda a ka kafa a 1993, ita ke rajistar abinci da magunguna. Kayan da ba shi da lambarta, ko ba shi da sunan mai yi da ranar lalacewa, kada a saya. Amma ku sani, maha'inta su kan buga lambar jabu, kuma ko lambar ta gaske ce, ba shaida ba ce cewa duk abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne.

Ga alamomin da in an gan su ga mai shan irin wannan kaya, a tafi asibiti ran nan, ba sai gobe ba:

1. Idanu ko tafin hannu su yi rawaya, watau shawara.
2. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko bayan gida ya yi fari fari.
3. Ƙaiƙayin jiki ba dalili, da tashin zuciya, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.
4. Ciwon ƙirji, ko numfashi sama sama, ko kumburin ƙafa.
5. Karkacewar baki, ko mutuwar gefen jiki.
6. Baƙin ciki mai tsanani, musamman bayan ya daina sha.

Kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara a gida, don hantar da ta riga ta jikkata ba ta son ƙarin nauyi. A tafi da robar, a gaya wa likita gaskiya duka. Likita ba alƙali ba ne, amma in an ɓoye masa abin da a ka sha, zai ɓata lokaci yana neman cutar a wani wuri.

Ku kuma samari, son ƙarfi da kyan jiki ba laifi ba ne. Ku ɗaga ƙarfenku, ku yi nomanku, ku ci wake da nono, ku kwanta da wuri. Hanta ɗaya gare ku, kuma kuna so ku ga 'ya'yanku. Dagatai da masu unguwa da limamai su taimaka wajen yaɗa wannan magana, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.